Ba Don Karnuka Kaɗai Ake Wannan Binciken Ba

Na ga wasu da suka ji labarin binciken allurar rigakafin sankarar karnuka suna cewa Turawa sun rasa abin yi, mutane na mutuwa su kuma suna kashe kuɗi kan sankarar kare. Haba jama'a, ku karanta labarin da kyau mana. Dabarar ita ce a koya wa garkuwar jikin karen ta gane ƙwayoyin sankara ta yaƙe su da kanta. Tun 2010 Amurka ta ba wata allurar rigakafi mai suna Oncept cikakken lasisi don sankarar bakin kare, kuma da ƙwayar halittar ɗan adam aka haɗa ta.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne sankarar ƙashi. Wadda ke kama manyan karnuka ta yi kama sosai da wadda ke kama yara da matasa, shi ya sa likitoci a Jami'ar Pennsylvania da ke Amurka suka gwada wani rigakafi a jikin karnuka, da fatan abin da aka gano zai amfani mutane ma. Ita kuwa sankarar baki, na gan ta da idona: karen gadinmu ƙari ya fito masa a dasashi, baƙi ƙirin, yana zubar da jini, ko tuwo ya kasa ci. Likitan dabbobi ya duba ya ce ya riga ya bazu. Sati uku karen ya ƙara a duniya.