Kafin a tambayi dalilin kora, a fara tambayar wa ke ba da umarni

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya a rikicin ƙwadago shi ne yadda ake korar mutum, ya garzaya kotu, sai lauyan kamfani ya miƙe ya ce: "Ai wannan ba ma'aikacinmu ba ne, ɗan kwangila ne." Idan alƙali ya karɓi wannan magana, shi ke nan, ba za a ma kai ga tambayar ko korar na bisa ƙa'ida ba.

Ku dubi mace mai karɓar baƙi a ofis. Tana sa hannu a rajista kowace safiya, tana ɗauke da katin shaida mai tambarin kamfani a wuya, in ta makara a yanke mata kuɗi, ba ta isa ta turo wata ta zauna a kujerarta ba. Cikinta na fitowa, saƙo ya shigo wayarta da dare: kada ki zo gobe. Takardar da ta sa wa hannu ranar da take neman aiki ido rufe ta kira ta "mai zaman kanta". Don Allah, wane zaman kai ne wannan?

Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, ta yi magana a kan haka a Shawararta mai lamba 198 ta 2006: a duba yadda aikin ke gudana a zahiri da yadda ake biya, ko da takarda ta faɗi wani abu daban. Wa ke tsara lokaci? Kayan aikin na waye? Daga wannan wuri kaɗai mutum ke samun abin da yake ci? A watan Fabrairun 2021 Kotun Ƙolin Birtaniya ta bi irin wannan hanya a shari'ar direbobin Uber, kamfanin da ke haɗa fasinja da direba ta manhajar waya. Ta lura kamfanin ne ke yanke kuɗin tafiya, shi ke rubuta sharuɗɗa, shi ke hukunta direban da ya yawaita ƙin ɗaukar fasinja. Sai dai matsayin da aka ba su na tsaka-tsaki ne, tsakanin cikakken ma'aikaci da mai zaman kansa: mafi ƙarancin albashi da hutu mai biya, ba tare da kariya daga korar zalunci ba. A ganina rabin adalci ne. Babbar kotun Faransa ta fi zurfafawa a 2020, inda ta ce wani direban kamfanin cikakken ma'aikaci ne.

Na san akwai ƴan kwangila na gaskiya, masu kayan aikinsu da kwastomomi da yawa, kuma babu mai cewa a tilasta wa ƙaramin ɗan kasuwa ya riƙe ma'aikacin da ba ya aiki. Yarjejeniyar ILO mai lamba 158 ta 1982 ba ta hana kora ba. Cewa ta yi a kawo dalili ingantacce: gazawa, ko mugun hali, ko buƙatar tafiyar da kamfani. In laifi ake zargi, a ji ta bakin mutum tukuna. Ta kuma fito fili cewa juna biyu, addini, launin fata, shiga ƙungiyar ƙwadago, kai ƙarar mai aiki, ko rashin zuwa na ɗan lokaci saboda jinya, duk ba dalilan kora ba ne. Ƙasashe da yawa ba su rattaba mata hannu ba har yau, kuma wannan yana damuna ƙwarai.

Ni dai ra'ayina, duk wanda ke aiki ƙarƙashin umarnin wani a ɗauke shi ma'aikaci, sai in kamfani ya tabbatar da akasin haka, domin fayil da rajista duk suna hannunsa. Sifen ta yi wa masu kai saƙo ta manhaja irin wannan doka a 2021. Kafin ta iso inda kake, ɗan'uwa, adana takardun biyan albashinka, jadawalin aiki, da saƙonnin da shugabanka ke turo maka yana cewa ka zo ƙarfe kaza. Su alƙali zai nema ranar da aka ce ba a san ka ba.