Ba Oprah ce ta fara zama biloniya ba

Mutane da yawa sun ɗauka Oprah Winfrey ce baƙar fatar Amurka ta farko da dukiyarta ta kai dala biliyan ɗaya. A cikin mata ita ce ta farko, a 2003, amma Robert Johnson ya riga ta.

Shi da matarsa ta lokacin, Sheila, suka kafa tashar talabijin ta BET, mai shirye-shirye don baƙar fatar Amurka, a 1980, da rancen dala 15,000 da jarin dala 500,000 daga ɗan kasuwa John Malone. Da farko sa'o'i biyu kacal take watsa shirye-shirye a mako. A 2001 kamfanin Viacom ya saye ta kan kusan dala biliyan 3, abin da ya mai da Johnson biloniya.

A lokacin, kullum ana ganin fuskar Oprah a talabijin, shi kuwa Johnson yana bayan fage, shi ya sa sunansa bai yi amo ba.