Akker ko feld: wace kalma ta dace da gona a ƙirƙirarren harshe?

Masu ƙirƙirar harshen gamayya na dangin Jamusanci, irin Folkspraak, ko Tutonish da Elias Molee ya fitar a 1902, sukan yi tuntuɓe a kan kalmar gona. Kalmomi biyu ne ke takara, akker da feld, kuma a ganina yawancinsu gaggawa ke sa su ɗauki wadda ba ta dace ba.

Hanyar da aka saba ita ce a jera kalmar a kowane harshe a ga wadda ta fi rinjaye. Turanci na da field, Jamusanci Feld, harshen Holan veld, na Suwidin fält. Sai a ce feld ta ci. Matsalar ita ce feld ta fi kusa da fili: ana amfani da ita ga filin ƙwallo da filin daga, a Afirkanci ma veld makiyaya ce da garma ba ta taɓa ba. Ƙasar da ake huɗa a shuka kuwa tana da sunanta daga tsohon tushen akraz: Acker a Jamus, akker a Holan, åker a Suwidin, ager a Danmak, akur a Aisilan. Turanci kuwa ya karkatar da ita ta koma ma'auni, acre, wajen murabba'in mita 4,047, wadda muka ara muke cewa eka.

Masu goyon bayan feld suna da hujja: Bature mai jin Turanci idan ya ji akker zai ɗauka ana maganar awo ne. Gaskiya ne, amma wannan ruɗani na rana ɗaya ne, shi kuwa harshen da ba ya bambance gona da fili kullum sai ya yi ta ƙarin bayani. A riƙe duka biyun, kowace da aikinta.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne wajen gina siffar kalmar. A cire ƙarshen -az, saura akr, a sa wasali tsakanin k da r don ta faɗu a baki. Sannan a kula da k ɗin. A Jamusanci k guda bayan wasali ta koma ch, shi ya sa make ta Turanci take machen, amma Acker ta tsira saboda k ɗinta ta ninku kafin r. Wanda ya ɗora wa harshensa dokar sauyin sauti irin ta Jamusanci ya bar k guda, dokarsa da kanta za ta mayar masa da kalmar acher. Saboda haka a rubuta akker da k biyu tun daga farko.