Ku ƙyale yaron nan da baburinsa

Jama'a, abin da aka yi wa yaron nan jiya a ƙarƙashin hoton baburinsa ya ɓata mini rai, har na kwana da shi a zuciya. Kun dai gani da idonku. Haɗinsa na farko ke nan a duniya, ƙaramin babur na roba da ake saye gutsi-gutsi a kwali a haɗa, Honda CB750 Four na kamfanin Aoshima, ma'aunin 1/12, wato kashi ɗaya cikin sha biyu na girman na gaske, ya yi sati uku yana fama da shi, ya ɗora hoto yana murna. Kafin awa ɗaya manya sun taru a kansa. Wannan ya ce ina sarƙar ƙarfe, wancan ya ce wayoyin ƙafar sun yi kauri kamar na keken guragu, wani ya ce wanda bai sayi kayan ƙari ba bai fara haɗi ba tukuna. Yaro ya goge hoton. Wallahi kun yi kuskure, kuma kuskuren ya fi ƙarfin a ce wasa ne.

Ni na adana hoton kafin ya goge, na ƙara girmansa na duba shi lungu-lungu. Babu layin haɗi ko ɗaya a jikin tankin. Wanda ya taɓa haɗa ɓari biyu na roba ya san abin da wannan yake nufi. Sai ka shafa gam ɗin nan mai ruwa-ruwa wanda yake narkar da robar, ka matse ɓarin biyu har narkakkiyar robar ta ɗan bulbulo a bakin haɗin, ka ajiye shi ya kwana, washegari ka bi shi da samfefa mai lamba 400, sannan 600, sannan 1000, ka fesa fentin shimfiɗa, ka ɗaga shi saitin fitila, ka ga layin yana nan, ka sake komawa. Yaron nan ya yi wannan duka a haɗinsa na farko, babu wanda ya tsaya a kansa. Ya kankare layin da yake bi ta tsakiyar taya. Ya kankare kurom, wato rufin nan mai ƙyallin azurfa, a duk inda zai sa gam, domin ya gane gam ɗin roba ba ya kama kurom, ba ya kama fenti. Wannan shi ne aikin. Hannu ne yake yinsa, kuma ba a sayar da hannu a cikin leda.

Shi kuwa wanda ya fi kowa ɗaga murya, ai ya ɗora nasa a watan jiya, Honda RC166 na Tamiya, da duk kayan ƙarin da kamfanin ya fitar masa: sarƙar ƙarfe da ake haɗawa gaɓa-gaɓa, wayoyin ƙafa na ƙarfe, ƙananan kusoshi. Kaya masu kyau, babu musu. Amma ku koma ku duba gilashin gaba, ya yi fari fat a gefe guda, saboda an manna shi da sufa gulu, hayaƙin gam ɗin ya bi ya dusashe shi. Ku duba sitikar lamba, tana ƙyalli kamar azurfa a gefe-gefe, saboda an ɗora ta a kan fenti marar sheƙi, iska ta maƙale a ƙarƙashinta. Layin taya yana nan daram. A lokacin babu wanda ya ce masa uffan, ni ma ban ce ba, domin kowa yana da ranar da hannunsa ya kuɓuce. Amma mai irin wannan aiki ba shi da bakin korar yaron da ya fi shi tsabtar hannu. Kayan aro ba ya rufe katara.

Za ku ce ai gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Na ji. To wane gyara kuka yi masa? Gyara shi ne ka ce, ƙanena, fentin firam ɗinka ya ɗan yi kauri, ka ƙara sirka shi, ka yi shafi uku marasa nauyi maimakon ɗaya mai nauyi. Gyara shi ne ka faɗa masa kada ya fesa fenti nau'in lacquer a kan fenti nau'in inamel, domin zai ci na ƙasan ya yamutsa shi. Wannan zai ɗauka ya yi aiki da shi a daren nan. "Je ka sayo" kuwa babu abin da ta koya wa kowa.

Za ku kuma ce wayoyin ƙafa na roba sun fi ƙarfin ma'auni. Gaskiya ne, sun fi. Wayar da take milimita 4 a babur na gaske, in ka raba ta gida 12, kusan kashi ɗaya cikin uku na milimita za ta dawo, kuma roba ba ta jure wannan siranta a wurin zubi. Kowa ya san haka, masu kamfanin ma sun sani. Sai me? Mutumin da bai iya daidaita firam ba, in ka ba shi wayoyi sirara guda arba'in ya saƙa a ƙafa ɗaya, karkatacciyar ƙafa zai fitar, ya jefa kwalin a ƙarƙashin gado, shi ke nan mun rasa shi. Sau nawa muka ga haka?

Ni abin da nake ta faɗa shekara da shekaru shi ne, duk abin da yake sa ƙaramin babur ya yi kama da na gaske, kusan dukansa yana cikin kwalin tun ranar da ka buɗe shi. Sarƙar robar nan da kuke rainawa, wadda aka zuba ta haɗe da farantanta masu haƙora, ka shafa mata launin ƙarfe mai duhu, ka tsiyaya baƙin fenti tsararo ya bi ramukan, in ya bushe ka ɗauki buroshin da ka goge shi kusan ƙaf ka ɗan shafi saman gaɓoɓin da launin azurfa. Ka ajiye ta nesa da ido kamu biyu ka gani ko wani zai ce roba ce. Haƙarƙarin injin ma haka, baƙin tsararo a tsakani, sai su fito ɗaya bayan ɗaya. Salansa huɗun nan na CB750, in kurom ɗinsu ya yi maka ƙyallin kayan wasa, ka jiƙa su a bilic kurom ɗin ya sauka, ka gyara layin haɗi, ka fesa baƙi mai sheƙi, ka bi shi da fentin kurom sama-sama. Kusa da bakin injin ka ɗan hura ruwan ɗorawa mai shara-shara, ka biyo da shuɗi kaɗan, ka ga yadda zafin wuta yake canza launin bututu. Igiyar birki da ta filogi, ga siririn bututun roba nan an sako maka a kwali, ka duba hoton babur na gaske ka ga ta inda kowace ta bi. Nawa ka kashe a nan? Haƙuri kawai, da ido.

Kai kuma ƙanena, in kana karantawa, ka mayar da hotonka. Na ga wurin da hannunka ya ɗan girgiza a layin gefen tanki, na ga ka goge ka sake. Na haɗa babura da yawa kafin in iya ɓatar da layin haɗi yadda ka ɓatar da naka, kuma da na ga hoton sai da na kira ɗana na nuna masa. Ka ajiye babur ɗin nan, kada ka taɓa warware shi don ka gyara. Ranar da ka ji hannunka ya zauna, ka sayi sarƙar ƙarfen in kana so, za ka ji daɗinta. Ba yau ba.

RC166 ɗin nan ma da ake ta taƙama da kayansa, ina ma a ce mutane suna tsayawa su kalli abin da suke haɗawa. Injin 250cc ne fa, amma silinda shida, bawul 24, yana juyi har 18,000 a minti ɗaya, kuma a kansa ɗan tseren Birtaniya Mike Hailwood ya ci gasar duniya ta ajin 250cc a 1966 da 1967. Kowace silinda ba ta kai 42cc ba. Nawa yana nan a kan tebur tun bara, na gama injin, na ƙi rufe shi da murfin gefe saboda kafireta shidan nan da suke jere sun yi mini kyau ƙwarai. Ɗaya daga cikin ƙananan sukurorin ƙafar gaba ya kuɓuce daga hantsaki ranar Talata, na ji ƙararsa a ƙasa sau ɗaya, na bi da mayen ƙarfe da tocila har ƙarƙashin kujera ban gan shi ba. Duk mai ragowar irinsa ya yi mini magana ta akwatin saƙo, don Allah.