Ni da ƙudan tumbu a Saliyo

Ranar da aka yi mana sujadar sallama a Jos wani tsohon Baturen mishan, wanda a Saliyo ya fara aiki kafin ya dawo Najeriya, ya ja ni gefe yace ɗana in ka isa can ka riƙa goge kayanka duka, har kamfai. Nace to Baba na gode, amma a raina dariya kawai nake, nace ji tsoho da rigima, ni da aka yaye da gwaten acha wai Bature ne zai koya mini zaman Afirka. Irin wannan gargaɗin ai nasu ne masu fata kamar tumatir.

Na sauka Lungi a watan Yuli 2023, sai a nan na san ashe filin jirgin ba a cikin Firitawun babban birnin ƙasar yake ba, ruwa ne tsakani sai ka shiga jirgin ruwa, ni kuwa babban ruwan da na sani a duniya shi ne dam ɗin Lamingo. Na sha tsayawa kan bagade ina cewa almajirai masu ƙarancin bangaskiya ne da suka tashi Yesu daga barci cikin jirgi, to ran nan na nemi gafararsu ɗaya bayan ɗaya har da Yahuza. Da na isa masauki mai gidan, wata dattijuwa da kowa ke ce wa Mami, ta fito tana tafa hannu tana kushe o Pasto, kushe. Nace ikon Allah, ko jaka ban ajiye ba har an fara kushe ni? Ashe sannu ce a harshen Kiriyo.

Sai ruwan sama. Jama'a in kun ji ana cewa damina to mu wasa muke. Abin da ke zuba a garin nan a shekara ya ninka na Jos fiye da sau biyu, kuma Yuli da Agusta su ne ganiyarsa, ruwa ya kwana ya wuni ya sake kwana ba ko tsagaitawa. Wannan ƙaton rimin da ke tsakiyar gari wanda har a jikin kuɗinsu an buga hotonsa, guguwa da ruwa ne suka kayar da shi a watan Mayu kafin na zo, ya kamata tun nan na sha jinin jikina. Ni kuwa ɗan Jos me na ɗauko? Suwaita uku da hular sanyi. Cikin sati biyu takalmin fatata ya fito da gemu kore, kilishin da surukata ta ƙulla mini ya yi funfuna, har bangon Littafi Mai Tsarki bai tsira ba.

Madam tana gida sai yara sun gama zangon karatu a Disamba, saboda haka wanki ya dawo kaina, ni da rabona da wanki tun ina makarantar Baibul. Na wanke na shanya a bayan gida ƙarƙashin mangwaro, kwana uku kaya basu bushe ba, wasu iska ta zubar ƙasa na tsince na karkaɗe na mayar. Ga wuta babu. Mami ta kawo mini dutsen guga na gawayi tana ta bayani da Kiriyo tana nuna kayan tana cewa tumbu, tumbu. Ni tumbi na ji, na ɗauka tsokanata take, sai na shafa cikina nace ai Mami shinkafarku ce, dan a ƙasar nan safe shinkafa rana shinkafa dare shinkafa da miyar ganyen rogo, in mutum ya ci burodi da shayi ka tambaye shi sai yace maka yau bai ci abinci ba. Na goge riga da wando saboda su mutane ke gani, singileti da kamfai kuwa nace wa zai duba.

Bayan kwana uku sai ƙuraje suka fito, ɗaya a kwankwaso, biyar a wurin da mutum ke zama. Nace zafi ne. Suka kumbura suka yi ja kamar maruru, na shafa man zafi, kai kar Allah ya maimaita mini wannan daren. Abin da ya tada mini hankali shi ne in dare ya yi tsit sai na ji kamar ana tsikarata da allura daga ciki, kuma abin motsi yake, ya juya ya huta ya sake juyawa. Na kira madam ƙarfe biyu na dare ina raɗa, tace Baban yara wannan ba ciwon asibiti bane, magabci ne baya son aikin, kafin gari ya waye zumuntar matan ikilisiyarmu sun shiga azumin kwana uku saboda ni. Ban dai faɗa mata takamaimai inda magabcin ya kama ba.

Ran Lahadi wa'azina na farko. An ajiye mini kujerar baƙo ta katako a gaba, na gwada ɗosana kaɗan na miƙe zumbur kamar na zauna kan garwashi, to sai na tsaya. Dattawan ikilisiya suka ga baƙo a tsaye su ma suka miƙe, tsofaffi da sanda, sujada wajen awa uku. Kuma fa na shirya wa'azi mai kyau, na tuna musu a garinsu aka sauke Ajayi Crowther yana yaro a 1822 bayan an ƙwato shi daga jirgin bayi, ya shiga kwalejin Fourah Bay a 1827, ya zama bishop a 1864, kuma a nan wani Bajamushe mai suna Schön ya zauna da Hausawan da aka 'yanta yana koyon harshenmu har ya buga littafi a 1843, nace saboda haka ni biki na zo mayarwa. Matsalar ita ce duk lokacin da abin nan ya motsa sai na daka tsalle nace Halleluya, su kuma su amsa Amin da ƙarfi, na kai goma sha. An tashi wata mata ta riƙe hannuna tace lallai fastocin Najeriya akwai wuta.

Wani dattijo ne cikinsu, tsohon ma'aikacin asibiti, ya lura da irin tafiyar da nake kamar wanda aka yi wa kaciya. Ya bi ni ɗaki yace Pasto cire kunya ka kwanta. Ya haska da tocilan, ya yi shiru, sai ya fashe da dariya har yana riƙe bango. Yace tumbu ne, wani ƙuda ne da ke saka ƙwai a ƙasa ko jikin kayan da aka shanya a inuwa, ka sa kayan ɗumin jikinka ya taɓa su sai 'yan tsutsotsin su huda fata su shige su yi kwana takwas zuwa goma sha biyu suna cin ka suna ƙiba, wannan ɗan baƙin ɗigon da ke tsakiyar ƙurjin ta nan suke numfashi. Zafin guga kawai ke kashe su. Yace ai ku ma kuna da shi a Najeriya, nace ni ban taɓa gani ba, yace wa ke maka guga a gida? Na yi shiru. Shekara goma sha huɗu madam na goge mini har kamfai ina cewa tana ɓata wuta.

Ya aiki yaro kantin Bafulatanin da ke bakin layi ya sayo basilin, ya lafta wa kowane rami ya toshe musu iska, muka zauna jira, wato shi ya zauna ni ina kife. Can sai ga kai ya leƙo, ya matsa gefe da gefe da yatsu biyu abu ya fito ɓul, fari sol, gajere mai ƙiba, kamar ƙwayar shinkafar da ta sha ruwa sosai, yana ta murɗe-murɗe a kan auduga. Shida cif ya jera ya sa ni na ƙirga. Muna gamawa Mami ta ƙwanƙwasa ƙofa da kwanon abinci, na buɗe na ga farar shinkafa, na rufe a hankali nace mata yau ina azumi.

Da yamma na kira madam nace ta gaya wa mata su sha ruwa an samu nasara. Tace me Ubangiji ya bayyana? Nace ya bayyana ki shiga kasuwar Taminus ki sayo dutsen guga na gawayi guda biyu ki taho da su. Ban san ta yaya labarin ya kai kunnen tsohon Baturen nan ba, washegari dai sai ga saƙonsa a WhatsApp, ko gaisuwa babu, wai ɗana nawa aka ciro? Nace shida Baba. Yace ka yi ƙoƙari, ni tara ne.