Ƙarancin mil ba ya mayar da motar soja sabuwa

Akwai maganar da nake yawan ji game da akori-kurar da sojojin Amurka ke sayarwa a gwanjo: wai tunda mitarta ba ta nuna mil da yawa ba, kuma soja ba sa wasa da gyara, to duk kuɗin da aka yanka mata ta cancanta. Ba zan ga laifin mai wannan tunani ba, don a motar gida mil ɗin ne ake fara dubawa.

Sai dai motar soja ta fi shan zama fiye da tafiya. Ta kan yi shekaru a fili cikin rana da ruwa, robobin injin su bushe, tayoyi su tsage ko da zanensu bai cinye ba, tsatsa ta kama bututun birki. Awannin da injin ya yi yana aiki mota na tsaye, su ma mita ba ta ƙirga su.

Ɗauki Chevrolet M1008, akori-kurar soja ta tsakiyar shekarun 1980, mai injin dizal lita 6.2. Ko mil 30,000 kacal ta nuna, mota ce mai kusan shekara 40. Giyarta uku ce, an yi ta don jan kaya, gudu a babbar hanya yana wahalar da ita. Ga wayoyin wutarta masu haɗa ƙarfin lantarki iri biyu, bolt 12 da 24, waɗanda ba kowane makanike ya saba da su ba.

Farashin gaskiya daga kuɗin da aka sayar da irinta a gwanjo ake lissafa shi, a cire na tayoyi, batura biyu, birki da takardun rajista.