Kan kifin ne ke zuwa Najeriya, kuɗin kuwa yana cikin fatarsa

Duk wanda ya taɓa ratsa layin masu busasshen kifi a kasuwar Sabon Gari ta Kano ya san warin nan da ke tarbar mutum tun daga nesa. A cikin buhunan akwai kawunan wani kifi da Ibo ke kira okporoko, sun bushe ƙayau kamar itace. Ba daga Baga suka fito ba, ba kuma daga Yawuri ba. Galibinsu kifin kod ne na arewacin tekun Atlantika, daga Norwe da Aisland. A Aisland ma har da tururin da ke fitowa daga ƙarƙashin ƙasa ake busar da kawunan kafin a lodo su zuwa Legas.

To, sauran jikin kifin fa? Tsokar tana tafiya Turai da Amurka. Hantar ana tatsar mai daga cikinta, sana'ar da kamfanin Lysi ke yi tun 1938. Fatar ce abin mamaki, ita da a da ake watsarwa ko a niƙa ta a abincin dabbobi.

A wani ƙaramin garin masunta na Aisland mai suna Isafjordur, wani masanin sinadarai, Fertram Sigurjonsson, ya kafa kamfanin Kerecis. Aikinsu shi ne su karɓi fatar kod daga inda ake feɗe kifin, su kankare ɓawon, su cire ƙwayoyin halittar kifin, su busar da ita. Likita ya yanka daidai girman ciwo, ya jiƙa, ya shimfiɗa a kan ƙuna ko gyambon mai ciwon suga da ya ƙi warkewa, naman mutum ya riƙa tofowa ta cikinta. Sirrin shi ne ba a san wata cutar bairos da ke tsallakowa daga wannan kifi na ruwan sanyi zuwa ɗan Adam ba, don haka ba sai an wanke fatar da sinadarai masu zafi ba kamar yadda ake yi wa ta alade ko saniya, man omega-3 da ke cikinta bai salwanta ba. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita a 2013. A 2023 kamfanin Coloplast na Denmak ya sayi Kerecis a kan kuɗin da zai iya kaiwa dala biliyan 1.3.

Wasu za su ce ai basirar Bature ce. Ni a ganina dole ce ta sa, kuma dole uwar na ƙi. A farkon shekarun 1980 masu binciken teku na Aisland suka yi ta gargaɗin cewa kod na ƙarewa. A 1984 gwamnati ta ƙayyade wa kowane jirgin kamun kifi kason kifin da zai kama. Tun daga nan, mai jirgin da ke son ƙarin riba ba shi da damar ƙara koma a ruwa, sai dai ya ƙara matse kifin da ke hannunsa. Wanda a da bai da lokacin malamin jami'a, sai ga shi yana nemansa da tambaya: wannan hanjin, me za a yi da shi? Amsar ta zo. Binciken Jami'ar Aisland kan sinadarin narkar da abinci na cikin kod ya haifi kamfanin Zymetech, kuma sinadarin ya shiga maganin feshin maƙogwaro. A Siglufjordur, kamfanin Primex na sarrafa ɓawon jatan lande. A 2011 wani mai suna Thor Sigfusson ya kafa wata cibiya da ke bakin tashar jiragen ruwa ta Reykjavik, babban birnin ƙasar, inda mai bincike da mai jari da masunci ke shan gahawa a ɗaki ɗaya.

Ba na cewa tsarin ba shi da tabo. Da aka halatta sayar da kaso, manyan kamfanoni sun saye na ƙanana, ƙauyukan masunta da dama suka rasa abin yi, har da na yankin da Kerecis ɗin yake. Har gobe 'yan ƙasar na jayayya a kan wa ya mallaki kifin teku. Duk mai shirin kwaikwayo ya kwana da sanin wannan.

Najeriya ta kafa ma'aikatar harkokin teku a 2023, tana kuma da cibiyar binciken teku a Legas tun 1975, ga gaɓar ruwa mai tsawon kilomita kusan 850. Masana ba su ne matsalar ba. Matsalar ita ce inda bincike ke ƙarewa: a mujalla, a samu ƙarin girma, a rufe fayil. Mai kamun jatan lande kuwa, muddin yana ganin gobe ma zai iya ƙara zuba koma, ba zai ɓata lokacinsa a kan ɓawo ba.

Shi ya sa nake ganin aikin farko na ma'aikatar ba taron masu zuba jari a otal ba ne. A ba masu bincike jirgi da mai su ƙididdige abin da ya rage a ruwanmu, a sa iyakar kamu bisa lissafinsu, a tsaya a kanta ko ran wa zai ɓaci, tare da ware kason masu kwale-kwale tun kafin manya su wawashe. Sannan a ɗauko ɗakin gwaji daga harabar cibiya a kai shi bakin tashar da ake sauke kifi, kusa da kwandon da ake zuba hanji.